Masu busa gilashin ɗakin gwaje-gwaje: sana'ar da ta maƙale tsakanin malami da masana'anta

A shekarar 1908, a Jami'ar Manchester da ke Ingila, masana kimiyya biyu, Ernest Rutherford da Thomas Royds, suna son tabbatar da abin da aka daɗe ana zato, cewa ƙwayoyin nan da ake kira alfa, waɗanda radiyom da danginsa ke fesarwa, hiliyom ne. A takarda dabarar ba ta da wuya. A ɗura iskar da radiyom ke fitarwa cikin wani siririn bututun gilashi, a liƙe bakinsa, a sa shi cikin babban bututun da aka zuƙe wa iska. In ƙwayoyin suka ratsa bangon ƙaramin suka taru a babban, sai a bi su da lantarki a duba irin hasken da za su bayar. Inda gizo ke saƙa shi ne bangon ƙaramin bututun. Sai ya yi sirantar da ƙwayar alfa za ta wuce ta cikinsa, amma kada iska ta sace, kuma kada ya fashe. Kaurin da ake nema bai kai kashi 1 cikin 100 na milimita ba, wato gashin kan mutum ya ninka shi sau biyar ko fiye.

Rutherford bai iya wannan aikin ba, Royds ma haka. Wani Bajamushe mai busa gilashi a garin, Otto Baumbach, shi ya yi ta gwadawa har ya samo bututun da bangonsa ya yi daidai ta kowane gefe. Bayan kwana 6 hasken hiliyom ya bayyana sarai a babban bututun. Rahoton ya fito a 1909 da sunan mutum biyu a samansa, Baumbach kuwa an ambace shi a cikin layi. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke aka tsare shi saboda Bajamushe ne, kuma a lokacin ne ɗakin binciken ya san zafin rashinsa.

Matsayin masu wannan sana'a ke nan, jiya da yau. Ba a ƙidaya su cikin malaman kimiyya, domin ba su rubuta maƙala, ba su da ɗaliban digiri. Masana'anta ma ba ta ɗauke su nata ba, domin abin da suke ƙerawa sau da yawa guda ɗaya ne tak, ba za a sake neman irinsa ba. Amma tun tsakiyar ƙarni na 19 suna nan. Heinrich Geissler, wanda ke da shago a Bonn, shi ya ƙera famfon zuƙe iska mai aiki da zaiba a 1855, ya kuma yi bututun da ke haskawa in an sa masa lantarki, kakan fitilun niyon da na bututun da masanin Jamus Röntgen ya gano hoton ƙashi da irinsa a 1895. Jami'ar Bonn ta ba shi digirin girmamawa a 1868, abin da ba kasafai ake yi wa irinsu ba. J. J. Thomson, wanda ya gano ilektiron a Cambridge a 1897, an san shi da rashin iya riƙe kayan aiki, kuma Ebenezer Everett ne ya ƙera masa bututansa, ya zauna tare da shi sama da shekara 40.

Abin tambaya shi ne yadda sana'ar da kowa ke buƙata amma ba wanda ke ɗaukar ta a matsayin tasa ta kai har yau. Amsar tana cikin aikin kansa, don haka sai an shiga shagon.

Gilashi iri-iri ne, kuma ba sa shiri

Mai busa gilashin kimiyya ba ya narkar da yashi. Wannan ne ya bambanta shi da masana'antar kwalba, ya kuma bambanta shi da Masaga na Bida, waɗanda ke narkar da gilashi a murhu su yi duwatsun wuya da awarwaro. Shi sayen bututu da sanda yake yi daga kamfani, yawanci tsawon mita 1.5, faɗinsu daga 'yan milimita har zuwa wanda hannu biyu ba za su zagaye ba. Kayan aikinsa fitilar wuta mai haɗa iskar gas da oksijin, kamar ta mai walda, da roba siririya da yake sa wa a baki yana busawa, da 'yan sanduna da faifai na girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir, domin gilashi mai zafi ba ya manne masa. Manyan ayyuka ana ɗora su a injin da ke riƙe bututu ta kai biyu yana juya su da gudu ɗaya, irin wanda Charles Litton ya ƙera a Kalifoniya a shekarun 1930 don yin kwalaben rediyo.

Gilashi uku ne ke yawo a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai gilashin soda, na kwalbar lemo da taga. Akwai borosiliket, wanda Otto Schott ya samar a Jena ta Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya fito da nasa da sunan Pyrex a 1915. A cikinsa kusan kashi 81 cikin 100 silika ne, wato sinadarin yashi, 13 sinadarin boron, sauran soda da alumina. Sai kuwaz, wanda silika ne zalla. A ido duk ɗaya suke. Bambancinsu yana ga yadda suke buɗewa in sun ji zafi. Ɗauki bututu mai tsawon mita 1 ka ƙara masa zafi da digiri 100: na soda zai ƙaru da kusan milimita 0.9, borosiliket 0.33, kuwaz kuwa 0.055 kacal.

Waɗannan 'yan lambobi su ne kan gaba a sana'ar. Gilashi ba ya tafiyar da zafi da sauri, saboda haka in an ɗora kwalba a wuta, wajenta ya buɗe cikinta bai buɗe ba tukuna, sai a shiga ja-in-ja. In buɗewar ta yi yawa, kamar ta gilashin soda, sai ka ji ƙas. Shi ya sa kofin shayi na gilashi ke tsagewa in an zuba masa tafasasshen ruwa, kwalbar borosiliket kuwa a dafa abu a cikinta. Haka kuma in aka haɗa bututun soda da na borosiliket, a wuta za su narke su rungumi juna kamar 'yan uwa, amma suna hucewa ɗaya ya tsuke kusan ninki uku na ɗayan, mahaɗin ya rabu. Wannan kuskure yakan faru a wajen gyara, in aka kawo kaya ba a san asalinsa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tsoma guntun cikin gilisarin. Borosiliket zai ɓace wa ido kamar ba a sa komai ba, domin su biyun suna karkata haske daidai da juna, na soda kuwa za a ci gaba da ganin gefunansa.

Haɗa bututu biyu

Aikin farko da ake koya wa almajiri shi ne haɗa bututu biyu masu faɗi ɗaya su zama guda. A faɗe kamar wasa. Ana yanka ta hanyar yin zane ɗaya gajere da wuƙa mai tauri, a shafa masa ɗan ruwa, a sa manyan yatsu a bayan zanen a ja tare da ɗan lanƙwasawa. Zane ɗaya, ba a gurzawa kamar ana zarto, domin gurzawa tana haifar da tsage-tsage da yawa, kowanne ya bi hanyarsa. Bututun da faɗinsa ya wuce milimita 25 ba a karya shi da hannu. Ana narkar da bakin sanda ya yi ja, a dangwala a ƙarshen zanen, tsagar ta zagaye da kanta.

Sai a toshe bakin bututu ɗaya, a sa robar busawa a ɗayan. A fara ɗumama bakunan biyu a wuta mai laushi, sannan a shigar da su wuta mai kaifi ana juyawa. Borosiliket yana fara laushi a wajen digiri 820 na ma'aunin Salshiyos, amma ba ya sarrafuwa yadda ake so sai ya kai wajen 1,250. In bakunan sun yi ja sun ɗan kumbura, a fitar da su daga wuta, a haɗa su, a ɗan tura, a ɗan ja. A mayar wuta har wurin ya fara lotsawa ciki, a fitar, a busa a hankali ya dawo daidai da faɗin bututun. A maimaita sau biyu ko uku har kaurin mahaɗin ya zama ɗaya da na sauran bangon. Ba a busawa a cikin wuta, domin wurin da ya fi siranta shi ya fi zafi, shi zai fara kumbura ya fashe. In an fitar an jira daƙiƙa ɗaya ko biyu, siririn wurin ya riga ya daskare, iskar sai ta tura mai kaurin, bangon ya daidaita.

Duk wahalar tana ga hannu. Da zarar tsakiya ta narke, bututun ya zama abu biyu da ruwa a tsakaninsu, kuma dole hannun dama da na hagu su juya da gudu ɗaya, a layi ɗaya. In ɗaya ya riga ɗaya, mahaɗin ya murɗe kamar alkaki. In aka daina juyawa, narkakken gilashin ya zubo ƙasa ya taru gefe guda. In zafin bai kai ba, za a ga kamar sun haɗu alhali akwai tsagi a ciki, ko 'yar huda kamar ta allura. In zafin ya yi yawa ko aka daɗe ana dafa wuri ɗaya, gilashin ya yi hazo ko ya cika da ƙananan kumfa. Akwai kuma wata matsala da sabon shiga ba ya tsammani: harshen wuta yana fitar da tururi, numfashin mai busawa ma haka, sai raɓa ta taru a sanyayyen ɓangaren bututun, ɗigo ɗaya ya gangaro kan wurin da ke da zafi, aikin awa guda ya tafi. Almajiri yakan shafe makonni kan wannan haɗi kaɗai kafin a bar shi ya dasa reshe a gefen bututu, inda ake narkar da ɗigo guda, a busa shi ya kumbura, a sake narkarwa a busa da ƙarfi ya fashe ya bar rami daidai faɗin reshen.

Mafi ban tsoro shi ne dasa bututu a cikin bututu, irin na na'urar da ke sanyaya tururi ya koma ruwa, inda ruwan sanyi ke zagaye bututun ciki. A nan bango biyu ne suka haɗu a zobe ɗaya, na ciki ba ya samun wuta kai tsaye, kuma ba ya hucewa tare da na waje. In aka ajiye shi ya huce kafin a gama ɗayan kan, sau da yawa ba ya yarda a sake kusantar da shi wuta.

Duk wannan ana yin sa ne da tabarau mai sinadarin didimiyom, domin sodiyom da ke cikin gilashi yana sa wutar ta yi rawaya bau, ta rufe wurin da ake aiki. Tabaran yana cinye wannan launi kaɗai ya bar sauran. Sai kuma abin da kowane shago ke fara gargaɗi a kansa, cewa gilashi mai digiri 400 da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido.

Gashi a tanderu

Kayan da aka gama haɗawa, ya huce a kan tebur, yana iya yin kyau a ido amma cikinsa cike da ja-in-ja, domin wurin da ya sha wuta ya daskare yana jan maƙwabcinsa. Irin wannan yakan yi mako guda lafiya, sannan ya tsage shi kaɗai a cikin kabad, ko ya bari sai an cika shi da sinadari mai ci da wuta. Ana ganin wannan ɓoyayyen ciwo da na'ura mai faifai biyu masu tace haske, a gicciye da juna. In aka sa gilashin a tsakani, lafiyayyen wuri ya yi duhu, mai ciwo kuwa ya fito da zobba masu haske a gefen kowane mahaɗi.

Maganinsa gashi a tanderu. Ga borosiliket ana kai shi wajen digiri 560, zafin da ya isa ƙwayoyin gilashin su saki jiki amma bai isa kayan ya lotsa ba. Mai bangon milimita 1 zuwa 3 minti 15 zuwa 30 ya ishe shi a wannan zafi. Sannan a sauko a hankali har a wuce digiri 510, inda daga nan gilashin ba ya ƙara ɗaukar sabon ciwo mai ɗorewa. Shaguna da yawa suna kunna tanderu da yamma su buɗe da safe. Kauri yana ninka lokacin fiye da yadda mutum zai zata: faifan Pyrex mai faɗin inci 200 da Corning ta zuba a 1934 don madubin hangen taurari na Dutsen Palomar wata 10 ya yi yana hucewa. In tanderu ya zarce 560 da yawa, kaya su lanƙwashe, mahaɗan da aka goge su daina shiga juna. In wutar lantarki ta ɗauke kafin ya kai, gashin bai yi ba, sai a sake daga farko.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana fitowa fili a kayan da ake zuƙe wa iska. Iskar duniya tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Zagayayyiyar kwalba mai cin lita 5 faɗin jikinta ya kai murabba'in santimita 1,400, wato kusan tan 1.4 ke matse ta in cikinta wayam ne. Tana jurewa ne saboda zagaye take, nauyin ya rarrabu. Kwalba mai shimfiɗaɗɗen gindi, ko mai 'yar tsaga, rugujewa take yi ciki ta watso waje. Yoyon iska kuwa ana farautarsa da sandar da ke fitar da tartsatsin lantarki: a zuƙe iskar, a bi mahaɗan da bakin sandar, in akwai huda tartsatsin ya tattaru ya nutse ta wurin da fari fat. Amma in aka tsaya da ita a kan siririn bango, ita kanta sai ta huda shi.

Kuwaz duniyarsa daban. Sai zafi ya haura digiri 1,600 yake laushi, don haka sai wutar haidurojin da oksijin, da baƙin tabarau irin na walda. Zufar yatsa ma ɓata shi take, domin gishirin da ke cikinta yana sa wurin ya yi fari ya rududduge in ya sha wuta, shi ya sa ake goge shi da alkohol a riƙe da safar hannu. In ana son haɗa shi da borosiliket, sai an jera zobba na wasu gilasan a tsakani, kowanne buɗewarsa ta ɗan fi ta na baya, kamar matakala. Shigar da waya cikin gilashi ma lissafin ɗaya ne. Filatinam yana tafiya da gilashin soda saboda buɗewarsu kusan ɗaya. Ga gilasai masu tauri irin borosiliket aka haɗa ƙarfen Kovar, mai kashi 54 baƙin ƙarfe, 29 nikel, 17 kobal.

Abin da ba ya shiga littafi

Duk abin da aka lissafa a sama yana rubuce, amma ba wanda ya taɓa iya haɗa bututu da karatu. Lokacin fitar da gilashi daga wuta ana gane shi ne daga launinsa da yadda nauyinsa ke sauyawa a yatsu, kuma ƙarfin busawa a kumatu yake. Wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Harry Collins, ya bi diddigin dakunan binciken da ke ƙoƙarin ƙera wata irin na'urar leza a farkon shekarun 1970, ya tarar waɗanda suka dogara ga rubutattun bayanai kaɗai ba su yi nasara ba, sai waɗanda suka je suka zauna da wanda ya riga ya iya. Busa gilashi haka yake, har ma ya fi. Masu sana'ar kan ce shekara 7 zuwa 10 ake yi kafin a bar mutum shi kaɗai da duk abin da za a kawo masa.

Wannan shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma rauninsu. Ƙarfi, domin ba a maye gurbinsu da inji ko da littafi. Rauni, domin in mutum ɗaya ya yi ritaya ba almajiri, ilmin shekara 40 ya bi shi gida.

An sha rage musu fili. A shekarun 1930 kamfanoni irin su Quickfit suka yaɗa mahaɗai masu ma'auni ɗaya, gogaggu, masu shiga juna kamar murfi da kwalba. Lambar 24/29 da ake gani a jikinsu tana nufin faɗin milimita 24 a babban kai da tsawon 29. Daga nan mai bincike yana iya sayen guntaye daga kundin kamfani ya harhaɗa da kansa. Taransisto, 'yar na'urar da ke yin aikin kwalbar rediyo, da aka ƙirƙiro a 1947, ya kashe kasuwar kwalaben rediyo sannu a hankali. Manyan na'urorin zuƙe iska suka koma ƙarfen da ba ya tsatsa. Roba ta karɓe ƙananan kaya. Kowane sauyi ya kwashe aikin da ake maimaitawa, ya bar musu mai wuya: abin da ba ya cikin kundi, da gyara, da zama da mai bincike a gyara masa zane. Wannan na ƙarshen ba a cika lura da shi ba. Ɗalibi yakan zo da zane a takarda, mai busa gilashi ya duba ya ce wannan kusurwa za ta tara ruwa, wannan reshe zai karye ranar farko da aka ɗaure shi, wannan famfo ya yi kusa da mahaɗi, giris ɗinsa zai narke. Rabin na'urar a wannan hira ake ƙera ta.

Hanyar tsira ta farko ita ce raɓa jikin babba. Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a Holan ya gane cewa ba zai kai ga sanyin da yake nema ba sai da ƙwararrun hannu, sai ya kafa makarantar maƙeran na'urori a cikin ɗakin bincikensa a 1901. Da su, da shugaban maƙeransa Gerrit Flim da mai busa gilashi Oskar Kesselring, ya mayar da hiliyom ruwa a ranar 10 ga Yulin 1908. Makarantar tana nan har yau. Jamus ta bi ta tsarin koyon sana'a na hukuma, shekara 3 tsakanin shago da aji. A Amurka, kwalejin Salem da ke jihar New Jersey tana koyar da sana'ar tun 1959.

Ta biyu ita ce ƙungiya. Yawancin masu sana'ar su kaɗai ne a inda suke aiki, ba abokin shawara. Ƙungiyar masu busa gilashin kimiyya ta Amurka, da aka kafa a 1952, da ta Birtaniya ta 1960, suna taro duk shekara, kuma abin da ya fi jan mutane shi ne a kunna wuta wani ya yi aiki sauran suna kallon hannunsa. Ta Birtaniya har jarrabawar ƙwarewa take shiryawa, tunda ba wata jami'a da za ta yi musu.

Ta uku ita ce ficewa zuwa kasuwa, kuma wannan tsohuwar hanya ce. James Dewar ya ƙirƙiro kwalba mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu a 1892 don ajiye iskar da aka mayar ruwa, bai yi mata rajista ba. Reinhold Burger, mai busa gilashi a Berlin, ya ƙarfafa ta, ya yi rajistar tasa a 1903, aka sa mata suna Thermos a 1904. Filas ɗin shayin da ke kowane gida ke nan. A yau masana'antun ƙwaƙwalwar kwamfuta suna ɗaukar masu aikin kuwaz saboda bututan tanderunsu, wasu kuma suna cike giɓi da kayan ado da kofunan kyauta.

Abin da ya fi kashe shagunan jami'a, a ganina, lissafin ofis ne. Muddin albashin mai busa gilashi yana cikin kuɗin tafiyar da sashe, kowa yana leƙawa da ƙaramar matsala da babba. Ranar da aka ce shago ya ciyar da kansa, a caji kowane aiki da awa, sai mai bincike ya fara auna kuɗin tallafinsa, ya sayi na kundi ko ya sauya gwajin ya dace da abin da ake sayarwa. Aiki ya ragu a takarda, sai a ce ba a buƙatar almajiri, in maigidan ya yi ritaya a rufe ƙofa. Asarar ba ta fitowa a kowane littafin kuɗi, domin gwajin da ba a yi ba ba shi da rasit. A Birtaniya abin ya kai ga ƙungiyar Heritage Crafts ta sa sana'ar cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa. A Najeriya akwai sashen fasahar gilashi da silika a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma duk inda za a kafa shago buƙatun ba sa sauyawa: bututun borosiliket da ake shigowa da shi daga waje, tukunyar oksijin da ba ta yankewa, da tanderun da zai samu wuta na awanni a jere.

Gyara shi ne aikin da ke riƙe yawancin shagunan da suka rage, kuma yana da ƙa'idoji. Kayan da za a kai dole a wanke su tas, a yi amfani da sinadarin da ke narkar da giris a cire shi, a busar. Giris mai silikon in ya sha wuta yana zama farin gari ya shige cikin gilashin, mahaɗin ba zai kama ba. Ragowar sinadari kuwa hayaƙinsa bakin mai busawa yake nufa ta cikin roba, shi ya sa shaguna ke tambayar abin da aka zuba a ciki, wasu ma ba sa karɓar abin da ya taɓa zaiba. A kawo duk guntayen, ko da ƙanana ne, domin da su ake gane tsawo da kusurwar asali. 'Yar tsaga mai kama da tauraro a gindin kwalba tana gyaruwa in an ɗumama kwalbar gaba ɗaya a hankali kafin a kai wuta wurin, in ba haka ba tsagar ta ruga ta zagaye. Mahaɗin da ya cije, wanda yawanci sinadari mai kaifin kanwa ne ya liƙe shi, ana ɗumama na wajen da sauri na 'yan daƙiƙu ya buɗe kafin zafin ya isa na ciki, sannan a murɗa da kyalle a hannu. Kayan awo masu zane a jiki, irin su bututun ɗiga da kwalbar auna ruwa, in wuta ta taɓa wurin da ke ɗaukar ruwan, cikinsu ya sauya, zanen ya zama ƙarya. Waɗannan sai dai a sake auna su da ruwa da sikeli a yi sabon zane, ko a yanke famfon da ke jikinsu a ajiye don wani aikin.